Gashin Bakance A Ƙofar Angkor

Masu bibiyata, ku gyara zama, yau da zafina na zo. Tunda na fara ba ku labarina ban taɓa yin rubutu raina a ɓace kamar yau ba. Duk wadda take shirin cewa "Rachana yi haƙuri, ai manya ne," ta riƙe haƙurinta a hannu tukuna, sai ta ji abin da manyan suka yi min.

Ga waɗanda yau suka shigo, ni ce Rachana, shekarata ashirin da shida, ina sayar da magani a wani kemis cikin garin Siem Reap. Ni kaɗai iyayena suka haifa. Mak, wato mahaifiyata, tela ce, kekenta yana ƙarƙashin gidanmu na katako, tsakanin ginshiƙai inda iska take kaɗawa. Pa kuwa, mahaifina, direban tuk-tuk ne, babur mai jan keken fasinja, rabin rayuwarsa ya ƙarar wajen kai baƙi tsoffin haikalan Angkor, har ranar da ya faɗi a bakin randa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Shekara uku ke nan. Gadonsa na gora yana nan kusa da keken Mak, don ba ya iya hawa sama. Na kafa masa dogon gora daga gadon zuwa randa yana dafawa, iyakacin tafiyarsa ke nan. Daga randa zuwa ƙofar gida fili ne fetal, ba abin riƙewa.

A satin da ya faɗi na je ƙofar yamma ta Angkor Wat, gaban Ta Reach, Kakan nan namu na dutse mai hannu takwas da kowa yake kai wa kukansa. Na durƙusa na yi bakance. Na ce almakashi ba zai ƙara taɓa kaina ba, ko sili ɗaya, sai ranar da Pa ya tashi ya taka da ƙafarsa har ƙofar gida ba wanda ya riƙe shi. Ranar zan aske gashin duka in kawo shi ƙafafun Kaka. Tun daga nan yake tsawo, yanzu har ya wuce ƙuguna. Wankinsa wahala, busar da shi wahala, da zafi ji nake kamar na yafa bargo, amma ban taɓa gunaguni ba. Likitar da ke motsa wa Pa jiki ta ce a riƙa ba hannun daman aiki, shi ya sa kullum da safe nake zama a ƙasa gaban gadonsa, in danƙa masa mataji ya taje min. Da farko matajin suɓucewa yake. Yanzu yana jan sa tun daga sama har ƙasa. Ba wanda ya san gashin nan kamar Pa, har ni mai shi.

Mu uku muka san bakancen, sai na ƙara da saurayina Piseth.

Kada ku ce ba na sonsa, nan ne ma abin ya fi ciwo. Ɗan Phnom Penh ne, aikinsa haɗa wutar sola. Bara ya shigo kemis ɗinmu yana dafe da ciki, ya ci gasasshen kwaɗo a hanya ya fi ƙarfinsa. Ya sayi magani, ya dawo washegari ya ce ya warke amma yana son na mura, jibi ya dawo neman na ciwon kai. Na ce masa, "Bong, in lambata kake so ka faɗa, kada ka kwashe mana kaya." Bong wato Yaya, haka muke kiran na gaba da mu, har saurayi. Mutum ne mai sanyi, mai dariya a hankali. Da ya fara zancen aure na tura masa dogon saƙon murya, na faɗa masa komai, har da kukana a ciki. Na ce ba aure, ba baiko, sai Pa ya kai ƙofa. Amsarsa tana nan a wayata har yanzu, da sunan da yake kirana, Oun, wato Ƙanwata: "Oun, ko shekara goma ce ina nan. Gashinki amana ce, ni ma na ɗauka tare da ke."

Mak ce ba ta ɗauka ba. Kullum waƙarta ɗaya.

"'Yan ajinku har sun kai yara makaranta, ke kina nan kina kiwon gashi kamar mai shirin sayarwa."

"Mak, alkawari na yi."

"Shi yaron alkawarin tsufa ya yi a ƙofarki? Wata mai gajeren gashi za ta ɗauke shi kina taje naki."

To, ran Laraba saƙon Piseth ya shigo ina cikin ba wata mata maganin tsutsa. "Gobe zan zo da mahaifiyata. Ba ta taɓa zaga haikalan da kyau ba. Yini ɗaya gare mu, jibi za mu koma. Ki raka mu mana, Oun." Har da hoton zuciya guda uku. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na ce gobe zan nuna wa uwar miji cewa 'yar direban tuk-tuk ta san gida.

Da sassafe ran Alhamis na tarar Mak ta shimfiɗa min sampot ɗin siliki kore, zanen nan da ba ta bari ko in shafa, da farar riga mai leshi a wuya.

"Mak, yawon duwatsu za mu je fa, ba ɗaurin aure ba. Wando zan saka."

"Alhamis ce, kore ake sakawa. Gaban babbar mace za ki da wando? Juyo in gani."

Wani zare ya leƙo a gefen rigar. Sai na ga Mak ta sunkuya ta datse shi da haƙori. Na kalli ƙusar da take rataye almakashinta, babban nan mai jan zare naɗe a mariƙinsa, wanda ko takarda na yanka da shi sai na sha faɗan kwana biyu. Ƙusar ba komai.

"Ina almakashinki?"

"Na kai wasawa. Je ki babanki ya taje miki, rana na yi."

Na zauna gaban Pa. Ya taje min a nutse, yana numfashi sama-sama kamar yadda ya saba in yana ƙoƙari. Da na faɗa masa wuraren da za mu je, Banteay Srei da Ta Prohm da Bayon da Angkor Wat, duk a yini ɗaya, sai ya yi dariyarsa ta gefen baki.

"Ƙafa... za ta gaji," ya ce da nauyin harshensa. "Ido... bai ga komai ba."

Na kai hannu zan tufke gashin a ƙeya, Mak ta buge min hannu. "Sake shi. Yau dai bari mutane su ga abin da kike ta wahala a kai." Na sake shi. Ku dubi wautata, har murmushi na yi, na ɗauka yabo ne.

Farar motarsu ta tsaya a ƙofa. Piseth ya fito, rigarsa koriya shar, launin zanena sak. Na ce, "A'a, Bong, mun yi anko." Ya yi wata 'yar dariya, bai kalli idona ba. Om Sokhom, mahaifiyarsa, ta fito daga baya. Om wato Gwaggo, haka muke kiran babbar mace. Gajera ce mai ƙiba, tana sayar da zinariya a kasuwar Phnom Penh, kuma rabin shagon yana wuyanta da hannayenta. Na haɗa tafin hannu har saitin hanci na gaishe ta. Ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a gashina. Ita da Mak suka shige bayan keken ɗinki suna ƙus-ƙus, suka fito kowacce tana gyara fuska, Om na rungume da jakarta.

A mota na ce mu fara da Angkor Wat tun rana ba ta yi zafi ba, kowa haka yake yi.

"A'a," in ji Om. "Shi ne na ƙarshe."

"Om, da yamma cunkoso ake yi, ga..."

"Na ce na ƙarshe, ɗiyata. Piseth, ja mota."

Muka miƙa Banteay Srei, mafi nisa. Ni ina son wurin nan, jan dutsensa da sassaƙarsa mai laushi. Pa yakan ce in tsaya a gaban ƙofa ɗaya har sai na ga abin da ban gani ba a zuwan baya. Na fara nuna wa Om 'yan matan da ke jikin bango, yadda aka fitar da kitsonsu. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Duwatsun nan ai duk iri ɗaya ne. Wuce gaba in bi ki."

Sai daga baya na gane ba haikali ta zo gani ba, ni ta zo gani. Tana bayana tana kallon yadda nake taka ƙasa, ko zanena na ƙara in ina tafiya, ko ina buɗe baki in na yi dariya. Da na tsallake wani dutse ta ce, "Hm, takunki da faɗi." Da na gaida wata mai sayar da abarba da na sani ta ce, "Kin san mutane da yawa." Na haɗiye, na ce a raina, Rachana, uwar masoyi ce, ki danne. Ba mu yi wani daɗewa ba ta duba agogonta ta ce mu tafi.

A ƙauyen Preah Dak muka tsaya cin taliyar shinkafa da miyar kifi. Om ta cinye kwano biyu, tana ci tana tambaya.

"Kin iya wannan miyar?"

"Na iya, Om."

"Piseth ba ya son yaji. Gashin nan naki ne duka, ba ƙari?"

"Nawa ne."

"Me kike shafa masa?"

"Man kwakwa."

"To ki kiyaye shi da girki. Na tsani in ga gashi a abinci."

Piseth kuwa juya cokali kawai yake. Mutumin da na sani da ci kamar gara, yau ko rabi bai ci ba. Na tura masa saƙo ta ƙarƙashin tebur: "Cikin ne ya tashi? Akwai magani a jakata." Ya karanta, ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Abin da ya shigo: "Lafiya lau. Kin yi kyau yau."

A Ta Prohm muka bi layin masu ɗaukar hoto gaban bishiyar nan da saiwoyinta suka danne bango. Da layi ya zo kanmu Om ta ture ni jikin Piseth, ta kwaso gashina da hannunta ta zubo min shi ta gaba. Kun san a wurinmu kan mutum ba abin wasa ba ne, ko na yaro ba ka taɓawa haka kawai, balle budurwar da yau ka fara gani. Na ja baya, ta ce, "Matsa mana, ba cizo yake ba. Murmushi, amma rufe haƙora." Ta ɗauka ya fi sau goma. Bishiyar ko kallo ɗaya ba ta samu ba.

Kafin mu kai Bayon rana ta take. Silikin ya manne min a jiki, takalmin da Mak ta tilasta min ya fasa min diddige. Om ta ce ita ba za ta hau ba, ta samu inuwa ta zauna tana fifita tana danna waya. Ni da Piseth muka shiga tsakanin manyan fuskokin nan na dutse, ko'ina ka juya suna maka murmushi. Yau da na tuna sai nake ji kamar su ma sun san abin da ake ƙulla min.

"Oun," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kin san ina sonki ko?"

"Sai a tsakar rana za ka tuna? Me ya faru?"

"In wani abu ya faru yau... ina nufin, manya suna da nasu tunanin, amma ni..."

"Piseth!" Muryar Om ta taso daga ƙasa kamar ta mai tallan kifi. "Lokaci! Malamin duba ya ce kada rana ta karkata sosai!"

Na ce, "Wane malamin duba?"

"Na tafiya ne," ya ce da sauri. "Kin san ta, ko kasuwa za ta sai ta tambayi sa'a."

Na sha jinin jikina, amma ban kawo komai ba. Wa zai kawo? Ku faɗa min gaskiya, wace ce a cikinku za ta zargi uwar da ta haife ta da saurayin da ya ce ya ɗauki amana?

Muka tsallaka ruwan da ya kewaye Angkor Wat. Om da tun safe take jan ƙafa, yanzu ita ce a gaba, ta sayi furen bado da turaren tsinke da ayaba. Ba ta nufi ciki ba, ta karkata dama, kai tsaye wurin Ta Reach. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce ashe matar nan tana da kirki, ta san inda ya kamata a fara gaisuwa. Muka cire takalma. Kaka yana nan tsaye cikin rawayen mayafinsa, lema a kansa, hayaƙin turare ya cika wurin. A ƙafafunsa ga furanni, ga 'yan curin gashi nan da can, na masu shirin aure da na waɗanda buƙatarsu ta biya. Wata tsohuwa mai fararen kaya, kanta a aske, tana share tokar turare a gefe.

Na durƙusa, Piseth ya durƙusa a damana, Om a bayana. Na ɗaga turare, na rufe ido. Na ce, Kaka, ni ce dai, 'yar mai tuk-tuk. Ya kai randa yanzu. Saura ƙofa. Gashinka yana nan, ban taɓa ko sili ba...

Ƙaras!

A bayan kunnena na hagu na ji shi. Na ji sanyin ƙarfe a wuyana, na ji gefen kaina ya yi sakayau. Na buɗe ido na juya. Om Sokhom tana riƙe da gashina, tsawonsa ya kai hannu guda, kaurinsa ya kai yatsa biyu. Kafin in iya ko numfashi ta miƙa hannu ta datsi na Piseth a goshi, ta haɗa su, ta naɗe da jan zaren da ta riga ta tanada, ta ajiye a kan ƙafar Kaka. Duk a cikin ƙiftawar ido, da ganin hannun ka san an yi ta gwadawa a gida.

"Shi ke nan!" ta ce tana washe baki. "Kaka ya shaida. Ɗana da surukata. Piseth, ɗaga wayar sosai, ka samu fuskarta?"

Sai a lokacin na ga wayar a hannunsa. Bidiyo yake ɗauka.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kai hannu zan ɗauke gashina, tsohuwar nan ta tare ni da tsintsiyarta a hankali.

"A'a, jikata. Abin da ya taɓa ƙafar Kaka ba a ɗauka."

"Iya, sata aka yi! Ban bayar ba! Na bakance ne, na mahaifina ne, yana kwance!"

Tsohuwar ta dubi Om, ta dubi gashin, ta girgiza kai. "Na daɗe a wurin nan, ban taɓa ganin an kawo masa gashi ɗaya don buƙata biyu ba. Ban san wacce zai ji ba. Amma in kika janye daga ƙafarsa, ina jin tsoron abin da zai biyo baya."

Hannuna ya tsaya a iska. In na ɗauka, na yi wa Kaka ƙwace, kuma Pa ne a tsakiya. In na bari, na tsaya a matsayin amaryar da ta kawo gashinta da kanta. Sun san haka. Sun zauna sun auna, sun san ba zan iya ɗauka ba. Wannan ne abin da har yanzu in na tuna nake jin wuta a ƙirjina.

"Haba ɗiyata, meye na kuka?" in ji Om. "Gashi ne fa, tsirowa yake. Ni a zamanina ma ba a tambaya."

"Om, da izinin wa kika taɓa min kai?"

"Ji min yarinya! Da izinin wa? Ke kika haifi kanki?"

Ta ɗaga hannu tana nuna ni, sai idona ya sauka a kan abin da ke hannun. Babban almakashi, jan zare naɗe a mariƙinsa. Na san inda zaren ya fara warwarewa, don ni na naɗa shi da hannuna ina 'yar firamare.

Wai an kai wasawa.

Na fizge shi daga hannunta. Mutane sun fara taruwa, wasu baƙi har sun ɗaga kyamara, ko a jikina. Na juya wurin wancan.

"Piseth."

Ya razana. Tunda muka haɗu ban taɓa kiran sunansa gatsau ba Bong a gaba ba.

"Ka sani?"

"Oun, saurare ni..."

"Kada ka ƙara ce min Oun. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na yi ƙoƙari, na rantse. Da farko cewa suka yi za a yanke rabi. Ni na tsaya na ce a ɗan ɗiba ta baya, inda ba za a gani ba. Kuma na yi tunani, ai duk wurin Kaka ɗaya gashin zai zo, ko yau ko..."

Jama'a, kun ji? Ciniki ya yi a kaina. Ya zauna da uwarsa da tawa an yi tayi, an rage, an daidaita, shi a ganinsa ma gwaninta ya yi, jira yake in gode. Mutumin da na yi wa kuka a saƙon murya.

"Amanar da ka ce ka ɗauka ke nan?"

"Mak ɗinki ta ce in ba a yi haka ba ba za ki taɓa yarda ba. Ta ce Pa ba zai..."

"Ƙarasa. Pa ba zai me ba?"

Ya sunkuyar da kai. Om ta ƙarasa masa, ko kunya babu: "Ba zai tashi ba, ɗiyata. Kowa ya sani, ke kaɗai ce ba ki sani ba. Taimakonki muka yi."

Abin da ke bakina ba na faɗa a gaban Kaka ba ne. Na ɗauki takalmana a hannu, na fita ƙafa ba takalmi a kan dutsen da rana ta gasa. Piseth na bina yana kira, ban waiga ba. A bakin titi na tare mai babur na haye da sampot ɗina haka nan, almakashin a hannu, har mutumin yana satar kallona ta madubi.

Wayata ta fara kuka tun kafin mu fita daga cikin itatuwa. Om ta riga ta saka hotunan. Ni da shi cikin kore gaban bishiya, ni da shi a durƙushe, gashin nan biyu cikin jan zare. Ƙawata ta wurin aiki: "Munafuka! Baiko ba gayyata?" 'Yar ƙanwar Mak: "Barka Bong, a ƙarshe dai!" Har mai kemis ɗinmu ya turo hoton fure. Piseth kuma saƙo kan saƙo: "Tsaya mu yi magana." "Muna bayanki." "Don Pa ɗinki kada ki yi abin da za ki yi nadama." Don Pa! Yanzu ya tuna da shi.

Duk tsawon hanya ina shirya maganar da zan faɗa wa Mak. Na jera ta tsaf. Zan ajiye almakashin a kan kekenta, in ce ga shi an wasa, yana ci sosai. Zan ce ta kira ƙawarta mai zinariya ta faɗa mata babu aure, ko gashin kaina duka suka kwashe. Zan faɗa da ƙarfi, maƙwabta su ji.

Da muka shawo kwanar gidanmu na ga mutane tsaye a bakin shinge. Na ce shi ke nan, bakance ya karye, Pa ya tafi. Na diro daga babur tun bai gama tsayawa ba.

Pa yana tsaye a ƙofar gida.

Tsaye, da ƙafafunsa. Yana sanye da farar rigarsa ta zuwa ibada, an saka maɓallan daidai. Goran da na kafa masa yana can baya, ya ƙare a randa, ga sawun ƙafarsa ta dama da ya ja a cikin ƙasa tun daga can har nan. Ba wanda ya riƙe shi. Gumi ya jiƙa rigar, leɓensa na rawa, amma murmushi yake, irin wanda rabona da gani tun kafin ya faɗi. Mak na gefe, fuskarta sharkaf da hawaye. Tana ganina ta taho da gudu ta kama kafaɗata, ta raɗa min a kunne:

"Kin gani? Kaka ya karɓa. Ki rufa min asiri, Rachana, kada ki ce komai."

Na mayar da hannuna baya, na ɓoye almakashin a cikin gashina.

"Pa," na ce. "Ka kai ƙofa."

"Mak ɗinki... ta ce... kin yarda." Kowace kalma sai ya yi kokawa da ita. "Na ce... ba zan karɓi... surukina... a kwance ba."

Maƙwabta suka ɗauki tafi. A bayana na ji motar ta tsaya, na ji ƙarar awarwaron Om tana fitowa. Shekara uku ina roƙon wannan rana, na sha ganinta a mafarki, ga ta ta zo, kuma ƙarya ce ta kawo ta. Duk maganar da na jero a hanya ta bi iska.

Pa ya ɗaga hannunsa na dama, mai ciwon, a hankali, ya ɗora a kaina kamar yadda yake yi kowace safiya. Ya shafo ta gefen hagu, ya gangaro bayan kunne. Yatsunsa suka faɗa inda babu komai. Ya tsaya. Ya koma sama ya sake shafowa, ya taɓa guntayen da suka rage, masu kaifi kamar bakin tsintsiya.

Murmushin ya ɗauke.

"Da safe... ba haka... na bar shi ba."

Ya dubi Mak, ya dubi Om da Piseth da suka tsaya cirko-cirko a bakin mota, ya dawo da idonsa kaina. Na ga gwiwarsa ta dama ta fara rawa, kuma babu gora kusa da shi.

"Rachana. Wa... ya taɓa?"

Mak ta matse min kafaɗa har farcenta ya shige ni. Almakashinta yana bayana, ya yi zafi a tafin hannuna. Ku masu cewa in yi haƙuri, da ku ne a tsaye a wurin nan, sunan wa za ku kira?